Kwarin Bututu na Hashimu Mai Inji

A Tudun Kanya, wani ƙauye da ke can bayan Kunci, idan ka ce kana neman Malam Hashimu sai an tambaye ka wanne daga ciki. Amma da ka ce Hashimu Mai Inji, kowa zai nuna maka zauren da ke kusa da tsohuwar rijiya. Injin niƙan ya daɗe da barin hannunsa, sunan ne ya ƙi tafiya. Shi kuwa da za a bi ta tasa, da Hashimu Maharbi za a riƙa kiransa, domin inji neman abinci ne kawai, harbi kuwa shi ne abin da ransa yake so tun yana ɗan saurayi.

A gidan harbi aka haife shi. Ya taso lokacin da akwai sauran daji a arewacin garin, ya ga mahaifinsa ya shigo da gada a kafaɗa, ya kuma ci naman barewa har ya ture. Yanzu kuwa ina dajin yake? Gonar wannan ta jingina da ta wancan, ta wancan ta jingina da ta surukinsa, har ka isa gari na gaba ba ka taka ƙasar da ba ta da mai ita ba. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zomo da makwarwa da hasbiya, sai gafiya ga wanda ba ya ƙyama. Hashimu bai taɓa zama yana kukan wannan ba. Cewa yake makwarwa ta fi barewa wayo nesa ba kusa ba, wanda ya iya sanɗarta ya iya harbi.

Rayuwarsa ba ta da wani tashin hankali. Ya noma gero da dawa da gyaɗa, ya auri Aina'u, suka haifi 'ya'ya suka aurar. A tsakiyar shekarunsa ya kafa injin niƙa a bakin hanya, ya yi shekara da shekaru a cikin wannan rumfar kwano, fari fat da gari tun daga gira har ƙafa, injin yana ruri a kunnensa daga hantsi zuwa la'asar. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sayar, ya koma gonarsa da tumakinsa. Idan aka gama girbi aka ɗaure dawa, sai ya saukar da kwari da baka daga rataye, ya sake wa bakan tsarkiya, ya zauna a zaure yana miƙe kyauron kibiyoyinsa a kan garwashi. A wannan lokacin ko faɗa ka zo nema, da dariya za ka koma.

Ba ya cikin masu farautar karnuka da gora, waɗanda ke cika mota suna ihu a tafi da su nesa. Waɗannan, in ji shi, ba farauta suke yi ba, kasuwa suke kai wa namun daji. Nasa mutanen 'yan kaɗan ne, masu baka, kuma kusan duk shi ya koya musu. Sukan fita da sassafe su jeru a sahu, tsakanin kowa da kowa akwai 'yar tazara, su bi gonakin da aka girbe har zuwa bakin rafi, ba mai tari ba mai magana. Uwaisu, wanda yanzu yake jan tafiyar, a hannun Hashimu ya koyi yadda ake ajiye ƙafa a kan busasshen kara ba tare da ya karye ba. Wurin Hashimu a sahun sananne ne, ta ɓangaren rafi, inda makwarwa ta fi son kiwo.

To, wata damina ɗaki ya yi yoyo daidai inda tsohon kwarinsa yake rataye. Fatar ta ruɓe, gara ta shiga gorar da ke ciki ta gama da ita. Ɗansa Najib, mai aikin famfo a Kano, ya zo hutun sallah ya tarar da uban yana jujjuya gawar kwarin a hannu. Da zai sake zuwa sai ga shi da sabo, wanda ya haɗa da hannunsa. Bututun ruwa ne na roba ya yanka daidai tsawon kibiya, ya toshe gindin da marfi, ya shafe shi da baƙin fenti, ya yi masa maratayi da igiyar jaka.

"Baba, wannan ko a rijiya ka jefa shi ba abin da zai same shi," in ji Najib. "Gara kuwa sai dai ta kalla."

Murna wajen Hashimu ba a magana, bakinsa har kunne. Ya rataya, ya zagaya tsakar gida, ya fita da shi dakalin masallaci ya nuna wa kowa, har da waɗanda ba su san kan kibiya da gindinta ba. Ga shi ba nauyi, ga shi ɗansa ne ya yi. Duk wanda ya zauna kusa da shi a makon nan sai ya ji labarin bututun.

Abin da bai sani ba shi ne, kwarin yana da ƙara. Kawunan kibiyoyi ƙarfe ne, gindin bututu kuma roba ce mai tauri, ba abin da ya raba su. Duk takun da ya yi sai su kaɗa su bugi juna, kwaram-kwaram, kamar an zuba cokula a kwanon sha ana girgizawa. Kowa yana ji, shi kaɗai ne ba ya ji, domin inji ya riga ya cinye masa kunne. Ya san jinsa ya ragu, amma a zatonsa sirri ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Ya ƙware wajen kallon leɓen mai magana, idan abin ya wuce shi sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, haka ne." Da wannan haka ne ɗin ya taɓa amsa wa mutumin da ya tambaye shi ko nawa zai sayar da tunkiyarsa, kuma ba wanda ya yi dariya sai da ya ba da baya.

Da kaka ta yi aka fara fita, sai abu ya rikice. Tun kafin sahu ya matso, makwarwa ta tashi fir ta tsallake rafi. Zomo kuwa sai dai a hango farin bindinsa. Hashimu ya ɗora laifin a kan babura da suka cika hanyoyin gona. Ya ɗora a kan maganin feshi, wai ya sa tsuntsaye sun zama masu firgita. Wata rana ma ya tsayar da wani daga cikin maharban ya yi masa faɗa a kan takalmin robarsa, wai shi ke ƙara. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba, za a gyara."

Ba wanda ya iya faɗa masa. Da wane baki Uwaisu zai dubi mutumin da ya koya masa shiru, ya ce masa kai ne hayaniyar? Kuma faɗar maganar kwari faɗar maganar kunne ce, abin da dattijon yake ta ɓoyewa. Sai suka ɓullo masa ta hanyar girmamawa. Uwaisu ya ce, "Baba, ai ka wuce yawo a cikin kara. Ka zauna a gindin tsamiyar can, mu za mu zagaya mu koro maka su." Hashimu ya ji daɗi, ya ce yaran nan sun san ya kamata. Ya zauna a gindin tsamiya, baka a kan cinya, har rana ta take, ba abin da ya zo wucewa sai awakin Fulani. Su kuwa suka dawo kowa da abin miyarsa, suka ware masa kaso mai kyau. Ya karɓa ya yi godiya, amma naman bai yi masa daɗi ba.

Daga zaman tsamiya sai aka koma mantuwa. Yau a ce an fita da wuri ba a so a tashe shi, gobe a ce ai an zaci yana da baƙi. Ran nan yana gonarsa yana tara kara, ya ɗaga kai ya hango su can nesa sun jeru suna bin bakin rafi, wurinsa kuma wani ne a ciki. Ya tsaya da damin kara a hannu yana kallo har suka ɓace. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba naman ne damuwarsa ba, Allah ya rufa masa asiri da tumaki da kaji. Sahun yake so, wannan tafiyar ta sassafe kafaɗa da kafaɗa da mutanensa, kuma ya ga tana zamewa daga hannunsa bai san laifin da ya yi ba.

Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo sosai. Aina'u ta dube shi ta dubi kwarin da ke rataye. Da ya tuɓe riga zai yi wanka sai ta matso ta tsaya a gabansa, inda zai ga bakinta.

"Malam, igiyar nan ta ci maka kafaɗa, ji yadda ta yi ja. Ka kai wa Ɗan'auta ya sa maka ta fata mana."

"Wannan bawan nawa? Sai ya cika ni da surutu."

"Ka dai kai masa," ta ce. "Kuma ka tafi da kibiyoyin a ciki."

Ɗan'auta baduku ne a kasuwar Kunci, kuma taubashin Hashimu ne, uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har gemu ya yi fari ba a raba gardamar ba. A tsakanin taubasai babu kunya babu kara, abin da ba mai iya faɗa maka shi zai faɗa a tsakiyar kasuwa, kuma ba ka da damar yin fushi. Rumfarsa cike take da kuben wuƙa da takalma da rigunan kujerar babur, don yanzu su ne ke tafiya.

"A'a, ga bawana ya zo gaisuwa!" in ji Ɗan'auta. "Me ka rato haka, famfo za ka kafa mana a kasuwa?"

"Rufe mini baki. Maratayi za ka sake, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa, ɗana ne ya yi."

Ɗan'auta ya karɓi kwarin ya ɗan girgiza. Hashimu ya ga mai goron da ke gefe ya waiwayo. Ya ga wani jaki da ke ɗaure a can ya miƙe kunnuwa. Ɗan'auta ya sake girgizawa da ƙarfi, sai ga mutanen rumfar gaba suna leƙowa. Shi dai bai ji komai ba, sai wani ɗan motsi can ƙasa-ƙasa. Ɗan'auta ya dube shi, dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa. Ya tashi ya kama kan Hashimu da hannu ɗaya, ya manna masa bututun a ƙashin bayan kunne, ya kaɗa.

Nan ya ji. Ƙarar ta bi ƙashi ta shiga kansa, kwaram-kwaram-kwaram, har cikin haƙora.

Ɗan'auta ya kai baki kunnensa ya ɗaga murya. "Kurman banza! Da wannan gangar kake sanɗar makwarwa? Wallahi ko mushe ne sai ya tashi ya gudu!"

A take komai ya dawo wa Hashimu, gindin tsamiya, da mantuwar da ake yi da shi, da bawan Allahn da ya yi wa faɗa a kan takalmi. Kunya ta rufe shi, fushi ya biyo baya, ya rasa wanda zai yi wa. Ya zauna a kan buzun rumfar. Ɗan'auta ya bar shi ya huce, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Jefar da shi za mu yi," in ji Ɗan'auta. "Ina da gora mai kyau, in yi maka irin na Kawu, babanka."

"Ba za a jefar ba."

"To me za ka yi da shi, ban ruwa?"

"Najib ne ya yi," Hashimu ya ce. "Ya zauna ya auna, ya yanka, ya shafa fenti. In ya zo ya ga wani a rataye, me zan ce masa? Kai dai in ka iya dukancin, ka kashe masa murya. In ba ka iya ba ka faɗa, in nemi baduku."

Wannan ta ishi Ɗan'auta. Ya zazzage kibiyoyin, ya aika aka samo audugar rimi, ya cusa a gindin bututun ya danna da sanda har ta zauna daram, yadda kan kibiya zai nutse a ciki ya tsaya. Ya ɗinka 'yar jaka ta fatar akuya mai laushi ya zura ta bi cikin bututun, ya naɗo bakinta waje. A bakin kuma ya kewaya wata fatar mai gashi, gashin yana kallon ciki, don ya riƙe kyauron kada su taɓa juna. Bayan wannan ya rufe jikin da jar fata wadda aka rina da karan dafi, ya bar gindin kaɗai a buɗe, baƙin fentin Najib yana nan ana gani. Hashimu ne ya ce a bar shi haka.

Aikin bai ƙare a ranar ba, sai da ya sake komawa. A kan maratayi suka fi yin rigima. Ɗan'auta ya yanko mai faɗi, ya sa shi ya rataya, ya ce ya kai hannu baya kamar zai zaro. Hannun bai kai ba, kafaɗar ta tsufa. Aka ɗaga kwarin sama aka karkata bakinsa zuwa dama, aka sake gwadawa, aka sake kwancewa, har yatsunsa suka riƙa faɗawa kan kibiya ba lalube. Sannan ya ƙara wata siririyar igiya da ke zagayo ƙirji, don kada kwarin ya riƙa lilo idan an sunkuya. Hashimu ya ce a sa masa tuntaye a gindi don ado.

"Tuntu? Ango ne kai? Ƙaya za ta kama, ka tsaya kana kokawa da sarƙaƙiya tsuntsu yana kallonka."

"Ko guda ɗaya."

"Ko rabi. Tashi ka ba ni wuri, bawa ba ya zaɓe."

Ya dawo gida da kwari sabo fil, amma da sauran matsala. Ta yaya zai tabbatar ya yi shiru, shi da ba ya ji? Maganar Ɗan'auta kuwa ba abin dogaro ba ce, zai iya barinsa da ƙarar don ya sami abin ba'a. Sai ya tuna da zabin Aina'u, waɗanda ko ganye ya faɗo sai sun tara wa mutum jama'a. Ya jira ta watsa musu tsaba a bayan rumbu, ya rataya kwarin, ya sunkuya, ya sanɗo ta bayansu a hankali. Zabin suka ci gaba da tsattsagarsu. Sai da inuwarsa ta faɗa kansu sannan suka watse. Ya juyo ya ga Aina'u a bakin madafa ta rufe baki da gefen zane tana dariya.

"Kin ji wani abu?"

Ta girgiza kai.

Ya matso kusa da ita. "Da can fa, kina ji?"

"Tun daga bakin rijiya nake sanin ka dawo, Malam."

"Kunnen nawa ma kin sani?"

"Duk garin nan an sani," ta ce, a hankali, tana kallon idonsa. "Ba wanda ya rage ka da komai saboda shi."

Ya daɗe a zaune a kan turmi yana juya maganar. Ashe shekarun nan duk da yake ɓoyo, garin ne gaba ɗaya yake taya shi ɓoyewa. Ya rasa ko haushi zai ji ko godiya, daga baya godiyar ta rinjaya.

Ranar fita ta gaba bai jira a kira shi ba. Ana idar da sallar asuba ya wuce bakin gari inda suke haɗuwa, suka zo suka same shi a tsaye. Aka gaisa, kowa yana satar kallon jan kwarin. Uwaisu ya fara shirya maganar tsamiya, Hashimu ya ɗaga masa hannu. Sai dattijo ya tattare riga, ya yi tsalle a gabansu, ya sake yi, ya girgiza kafaɗu kamar mai rawa.

"Kun ji wani abu?"

Suka girgiza kai, wasu na danne dariya.

"Ni ma ban ji ba, amma ni ba a kafa shaida da ni," ya ce. "Kunnena ya tafi, inji ya cinye. Kun sani, na san kun sani. Na kore muku nama kaka guda kuna kallona, Allah ya shirye ku. Kai kuma mai takalmi, ka yafe mini. Yau ba zan zauna a gindin tsamiya ba."

Uwaisu ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Da ya ɗago sai ya juya ya yi wa sauran wata 'yar magana wadda Hashimu bai ga bakinsa ba. Wanda ke tsaye ta ɓangaren rafi ya matsa gefe ya bar masa wurinsa.

Suka shiga gonaki, raɓa tana jiƙa musu ƙafa. Daɗi ya cika Hashimu, amma ƙasan ransa akwai tsoro. A al'adarsu, wanda ya fara hango nama yakan yi ɗan siririn fito irin na tsuntsu, kowa ya tsaya cak. Shi ya koya musu wannan fiton, kuma ya san ba zai ji shi ba. Za su tsaya, shi ya yi ta tafiya shi kaɗai ya tashi tsuntsun, a koma gidan jiya. Ya riƙa tafiya yana raba ido, rabi a gaba rabi a kan na kusa da shi.

Sun kusa wata 'yar fadama sai ya ga Uwaisu, can a ƙarshen sahu, ya ɗaga hannu sama. Na kusa da shi ya ɗaga. Na gaba ya ɗaga. Hannun ya biyo sahu daga mutum zuwa mutum har ya iso wanda ke damansa, wanda ya ɗaga nasa ya riƙe, yana kallonsa. Tunda Hashimu yake harbi bai taɓa ganin an yi haka ba. Ya tsaya tare da kowa.

Ga makwarwa nan a gabansa tana tona a gindin kara, ba ta san da kowa ba. Ba wanda ya taɓa bakansa, duk shi suke jira. Ya kai hannu bayan kafaɗa, kibiya ta fito sumul, tsuntsuwar ba ta ko ɗaga kai ba. Sai da ya goge idonsa da bakin hannun riga kafin ya iya ganinta sosai. Sannan ya ja tsarkiya, ya yi bisimilla, ya saki.